An hana ni kuka a bakin kabarin mijina, ko hawaye rashin bangaskiya ne?

Maman Hannatu:
Salama a gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda na kasa furtawa a gaban kowa ido da ido, shi ya sa na ga gara in rubuta. Yau kwana arba'in da tara ke nan da rasuwar maigidana, bayan jinyar wata biyar tsakanin gida da asibiti. Ranar jana'iza na daure tun daga gida har majami'a, aka yi waƙoƙi, aka yi wa'azi, ban zubar da hawaye ba. Sai da aka saukar da akwatin cikin kabari, na ji ƙarar ƙasar farko a kan katakon, sannan ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na durƙushe ina kuka da murya har na kira sunansa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba cikin shekara goma sha tara da muka yi tare. Wata uwa da nake ganin girmanta ƙwarai ta dafa ni, ta ce mini a kunne in yi shiru, wai ina kunyata sunan Almasihu a gaban maƙwabtanmu Musulmi da suka rako mu, kuma manzo Bulus ya hana mu baƙin ciki irin na marasa bege. Na haɗiye kukan nan take. Tun daga ranar, idan abin ya taso mini sai in shiga madafa in rufe ƙofa, kada yaran su gani, kuma idan na fito sai in ji kamar na yi zunubi. Na gaskata mijina yana wurin Ubangiji, ban taɓa shakkar wannan ba. To, me ya sa zuciyata ta ƙi jin abin da bakina yake shaidawa? Ina roƙon iyaye da malamai su gaya mini gaskiya, ko da za ta yi mini ɗaci.

Baba Mai Bishara:
Ɗiyata, sannu da rashi. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni tsoho ne, na tsaya a bakin kaburbura da yawa daga garin Tsibiri har ƙauyukan da ke bin Gulbin Maradi, kuma na binne matata da ƴaƴana biyu, saboda haka abin da zan gaya miki na ɗanɗana shi kafin in karanta shi.

Ayar da aka jawo miki tana cikin 1 Tasalonikawa 4:13, kuma ina so ki buɗe ta ki karanta har ƙarshen surar. Masu bi na Tasalonika sababbi ne cikin bangaskiya, suna jiran komowar Ubangiji, sai wasu daga cikinsu suka fara mutuwa, waɗanda suka rage suka shiga fargabar cewa mamatan sun rasa rabonsu a wannan rana. Bulus ya rubuta musu domin ya kwantar da hankalinsu, ya ce waɗanda suka mutu cikin Almasihu su ne ma za su fara tashi, ya kuma rufe da cewa su riƙa ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi. Wanda ake umartar a ta'azantar da shi, ai mai baƙin ciki ne. Abin da manzon ya raba shi ne baƙin cikin wanda yake ganin kabari ƙarshen hanya ne, da baƙin cikin wanda ya san za a sake saduwa, amma duka biyun baƙin ciki ne.

Ki duba Yahaya sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Betanya, Yesu ya iso yana sane sarai cewa cikin ɗan lokaci zai kira shi ya fito, ya riga ya gaya wa Marta cewa shi ne tashin matattu da rai, duk da haka da ya ga Maryamu da mutanen da suka biyo ta suna kuka, shi ma ya yi hawaye. Mutanen da ke tsaye a wurin, waɗanda yawancinsu ba almajiransa ba ne, da suka ga hawayen sai suka ce a dubi yadda yake ƙaunarsa. Ke nan hawayen ya zama shaida a gabansu, bai zama abin kunya ba. Ibrahim ya yi kukan Saratu. Da aka jajjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce mutane masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai yawa. Ki fito daga madafar nan, ɗiyata.

Baban Iliya:
Maman Hannatu, ya haƙuri? Allah ya ƙara dangana. Baba, da izininku zan ɗan ja ta wani gefe, domin kada uwar nan da ta yi maganar ta zama mai laifi ita kaɗai. Mu Kirista a ƙasar nan ta Nijar ƴan ƙalilan ne, mutanen unguwa sun san gidan kowane Kirista, kuma ranar mutuwa tana cikin ƴan ranakun da suke shigowa cikinmu su ga yadda muke. Su kansu addininsu ya hana kururuwa da dukan jiki da yage tufafi a kan mamaci, ko da yake ya yarda da hawaye, domin wani maƙwabcina malami ya taɓa gaya mini cewa Annabi Muhammadu ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Idan suka ga mu da muke cewa an ci nasara a kan mutuwa mun fi su fita hayyaci, wace shaida muka bayar? Dawuda ya yi azumi yana kwance a ƙasa kwana bakwai sa'ad da yaronsa yake ciwo, amma da aka ce ya mutu sai ya tashi, ya yi wanka, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya ci abinci, ya ce shi zai tafi wurin yaron amma yaron ba zai komo wurinsa ba. Ina ganin akwai bambanci tsakanin kuka da kururuwa, kuma dattako irin namu na Hausawa yana da wurinsa cikin bangaskiya.

Malamar Jinya:
Yaya Baban Iliya, na yarda akwai bambancin da ka faɗa, amma matar da ta durƙusa ta kira sunan mijinta sau ɗaya a bakin rami ba ta kai ko kusa da abin da kake tsoro ba. Dawudan nan da ka kawo, shi ne kuma ya hau bene yana kiran Absalom ɗana, Absalom ɗana, har dukan rundunarsa suka ji labari.

Shekarata ashirin da biyu ina aikin jinya, kuma na ga inda kukan da aka haɗiye yake fitowa. Mace za ta zo tana cewa ƙirjinta yana zafi, ba ta barci, abinci ba ya shiga, a auna ta a rasa abin da ya kawo haka, sai an zauna da ita a ji cewa ɗanta na fari ne ya rasu, kuma kunyar ɗan fari ta hana ta ko ambaton sunansa, balle ta yi kukansa a gaban surukai. Al'adarmu tana da kyawawan abubuwa, amma wannan nauyi ne da muke ɗora wa mata, kuma bai kamata mu shafa masa ayar Littafi Mai Tsarki mu ƙara masa nauyi ba. Kowa a garin nan na Maradi yana tuna ranar 8 ga Nuwamba 2021, da gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata lakwal, wato makarantar boko, ta ci ran yara ƙanana aƙalla 25. Wa zai iya tsayawa gaban waɗannan iyaye ya ce musu hawayensu rashin dangana ne? Irmiya ya yi maganar Rahila tana kukan ƴaƴanta, ta ƙi a ta'azantar da ita, Matiyu kuma ya ɗauko maganar ya sa ta cikin labarin haihuwar Almasihu kansa ba tare da ya tsauta mata ba.

Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai babu wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan ne abu mafi kyau da suka yi masa, domin daga lokacin da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa suka fara ɓata lamarin, har Allah ya yi fushi da su a ƙarshe. Zaman makokinmu na kan tabarma, inda mutum zai zo ya ce ya haƙuri, ya zauna shiru, ya tashi, ya fi kama da kwana bakwan nan na farko.

Baban Iliya:
Na karɓi gyaran game da Absalom, Malama, na manta da wannan wurin. Maman Hannatu, ki yafe mini idan maganata ta zama kamar na ƙara miki ciwo.

Ɗan Autan Inna:
Iyayena, ku gafarce ni in shigo da tawa damuwar, tunda ita ma ta'aziyya ce nake nema. Maman Hannatu tana da tabbacin inda mijinta yake, ni kuwa ban da shi. Ni kaɗai ne Kirista a ɗakinmu. Innata ta rasu bara tana Musulma, ba ta taɓa barin salla ba, kuma lokacin da dangi suka juya mini baya ita ce take aiko mini da fura a ɓoye, ba ta taɓa zagina a kan bangaskiyata ba. An yi mata wanka da sutura, aka sallace ta, aka kai ta, ina tsaye daga gefe. Na zauna makoki tare da yayyena har sadakar uku, kowa ya zo sai ya ce Allah ya jiƙanta, ni kuma in rasa abin da zan amsa da shi a zuciyata. Da na koma majami'a babu wanda ya iya duban idona ya yi mini gaisuwa, ban da wani ɗan'uwa da ya ce da na ƙara ƙoƙari wajen yi mata wa'azi da yanzu ina da salama. Wannan magana ta hana ni barci wata da watanni. Wace ta'aziyya ce ta rage wa irina?

Baba Mai Bishara:
Ɗana, tambayarka ta girme ka, ta kusa girmata ni ma. Bishara ta iso Damagaram a 1924, ta iso Tsibiri kafin 1930, kuma tun wancan zamani kusan duk wanda ya fara bi a yankin nan ya binne uwa ko uba ko kaka da ba su bi hanyarsa ba. Ni ma ubana bai bi ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce na san inda innarka take ba, kuma wanda ya ce maka ya san ta hallaka shi ma ya faɗi abin da ba a ba shi sani a kai ba. Mun gaskata babu ceto sai ta wurin Almasihu, ban janye daga wannan ko taki ɗaya ba, amma shari'ar kowane rai a hannun Almasihun nan take, ba a ba ni ita ba, ba a ba ɗan'uwan da ya yi maka magana ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji, da danginsa suna kallo daga nesa, ba su da yadda za su san an yi masa alkawarin Firdausi a wannan rana. Sa'ad da Ibrahim yake roƙo domin Saduma, ya dogara da abu ɗaya, cewa mai shari'ar dukan duniya zai yi abin da yake daidai. A nan na ajiye ubana shekaru da yawa da suka wuce. Allah ya fi ka sanin furar nan da take aiko maka, kuma bai fi ka ƙarancin jinƙai ba. Amma zancen cewa rashin ƙoƙarinka ne, ka sauke shi, domin ba kai ne kake buɗe zuciyar mutum ba.

Inna Mariya:
Ni ƴar Katolika ce, ta nan diyosis ɗin Maradi, wato yankin da bishop yake kula da shi, da aka kafa a 2001, kuma ina so ɗan nan ya ji abin da ake koya mana. Babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya ambaci Musulmi da suna cikin masu sujada ga Allah ɗaya mai jinƙai, ya kuma koyar cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto ta alherin Almasihu. Mu kuma muna yi wa mamatanmu addu'a, muna da ranar 2 ga Nuwamba domin tunawa da su, inda muke zuwa maƙabarta. Saboda haka ni idan aka ce Allah ya jiƙan rai, amin nake cewa da dukan zuciyata.

Baban Iliya:
Inna, kun san a nan muka rabu. Mu mun tsaya a kan Ibraniyawa 9:27, cewa an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, shi ya sa addu'armu takan koma kan waɗanda aka bari. Ba na so mu buɗe wannan babin a kan tabarmar makokin mutum biyu, sai dai in ce ko ni, idan maƙwabci ya ce Allah ya jiƙan rai, ba na yi masa musu, domin na san alheri yake nufi.

Fasto:
Na gode da kuka tsaya a nan. Ɗan Autan Inna, ka zo ka same ni ko wani fasto da ka amince da shi, wannan magana tana bukatar zama. Ina so in koma kan tambayar Maman Hannatu ta ƙarshe, wato me ya sa zuciya take ƙin abin da baki yake shaidawa, domin ina ganin mu masu wa'azi muna da hannu a ciki.

A jana'iza mun cika cewa ya huta, ya tafi gida, ya rabu da wahalar duniya, har mai sauraro ya ɗauka mutuwa wata kyauta ce da ya kamata a yi murna da ita. Gaskiya ne Bulus ya gaya wa Filibiyawa cewa ya tashi ya zauna tare da Almasihu ya fi masa kyau nesa. Amma Bulus ɗin nan, a 1 Korintiyawa 15:26, ya kira mutuwa maƙiyi, maƙiyi na ƙarshe da za a kawar. Maman Hannatu, zuciyarki ta gane maƙiyi ya shigo gidanki ya ɗauki uban ƴaƴanki, kuma ta yi daidai da ta ƙi yi masa maraba. Ko Ubangijinmu a Getsamani bai tarbi mutuwa da dariya ba.

Abin da muke jira ya wuce a ce rai ya tafi wani wuri mai daɗi. Muna shaida tashin jiki. Jikin nan da kika yi jinyarsa wata biyar, kika ga yadda ciwo ya cinye shi, shi ne Allah ya yi alkawarin tayarwa marar ruɓa, kamar yadda Yesu ya tashi da jikin da Toma ya ga gurbin ƙusoshi a kansa, wanda kuma ya ci gasasshen kifi a gaban almajirai. Bulus ya kwatanta wannan da shuka, kuma mu mutanen Katsinar Maradi da Gobir mun fi mutanen birane da yawa fahimtar kwatancin. Idan bazara ta yi nisa, sama ba ta ba da ko ɗigo ba, manomi yakan ɗebi irin gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu, lokacin da gidan yake bukatar kowace tiya, ya je ya sa shi cikin busasshen rairayi, kuma sunan da muke kiran wannan shuka da shi binne ne, kalmar da muke faɗa a maƙabarta. Wanda bai san noma ba zai ce an zubar da abinci a ƙasa. Manomin ma da ya sani, hannunsa yakan yi nauyi. Bambancin kawai shi ne binnen gona yakan lalace idan ruwa ya yi yayyafi ya ɗauke, amma wannan binnen an riga an ga nunan farinsa, wato Almasihu da ya tashi a rana ta uku, wanda Bulus ya ce fiye da mutum ɗari biyar sun gan shi a lokaci guda, yawancinsu kuma suna da rai sa'ad da yake rubutun. Masu bi na farko sun kira maƙabartarsu wurin barci da harshen Girka, kuma daga wannan kalma Faransanci ya samo sunan maƙabarta.

Akwai wani abu da Hausa ta ba mu. A majami'a idan muka ce bege muna nufin sa zuciya ga abin da Allah ya alkawarta, a gida kuma idan mace ta ce tana begen mijinta tana nufin kewarsa ta dame ta. Kina da duka biyun a zuciya ɗaya, kuma ɗayan bai kori ɗayan ba. Wahayin Yahaya 21:4 ya ce Allah zai share dukan hawaye a sabuwar duniya, ke nan har zuwa ranar akwai hawayen da za a share.

Malamar Jinya:
Fasto, ina da ƙorafi ɗaya a kanmu duka. Kwana ukun farko gida cike yake, zumuntar mata ta kawo abinci, mawaƙa sun zo, an tara gudummawa. Ana naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa, sai gwauruwa ta wayi gari da kuɗin haya da kuɗin lakwal da ɗaki shiru, wani lokaci har da dangin miji masu tambayar takardar fili. A abin da na gani, wata na biyu da na uku sun fi kwana ukun nan zafi. Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ainihin ibada, kuma ta ce cikin wahalarsu, ba ta ce kwana uku ba. Maƙwabtanmu suna da sadakar arba'in da take sake tara dangi, matar kuma tana takaba wata huɗu da kwana goma ana leƙa ta. Mun bar waɗannan bisa ga fahimtarmu, amma a majami'u da yawa ba mu sa komai a gurbinsu ba.

Maman Hannatu:
Iyayena da ƴan'uwana, na gode, Allah ya saka. Baban Iliya, babu abin yafewa. Uwar nan ma ban riƙe ta ba, domin na tuna ita ma ta binne mijinta tana da ƙuruciya, wataƙila abin da aka gaya mata a lokacin ne ta gaya mini.

Jiya da dare bayan mun ci tuwo na tara yaran na karanta musu Yahaya 11 kamar yadda Baba ya ce. Da na kai inda Yesu ya yi hawaye muryata ta karye, ban tashi na shiga madafa ba, na zauna a wurin. Babban ɗana, wanda tun ranar jana'iza ban ga hawayensa ba saboda kawunansa sun ce masa yanzu shi ne maigida, ya kifa kansa a cinyata ya yi kukan da har ya ba ni tsoro. Ƙaramar kuma ta tambaye ni ko babanta zai tashi da ramar da ya yi a asibiti, ko da jikinsa na dā da yake ɗaukarta a wuya. Na ce mata da wanda ya fi na dā ƙarfi. Ɗan Autan Inna, ka zo gidanmu ka ci abinci ran Lahadi, ka ba mu labarin innarka, mu ma muna so mu san ta.

Tun da aka rufe kabarin ban koma ba, kuma ina so in je in gan shi kafin ruwa ya sauka ƙasar ta zauna, amma ba na jin zan iya zuwa ni kaɗai.

Malamar Jinya:
Ran Asabar ba ni da aiki. Zan biyo miki da la'asar idan rana ta yi sanyi, ki shirya yaran duk wanda yake so ya zo, zan nemo mana mai adaidaita.

Inna Mariya:
Ku biyo ta ƙofata, ina kan hanyarku. Zan riƙo ruwan sha da tabarma.